Takunkumin bayolin: ƙara kawai yake ragewa, ko murya yake canzawa?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni a hannu. Wata bakwai ke nan da na fara koyon bayolin, wato gogen Turawa. Gidan haya nake, bango ɗaya ne tsakanina da maƙwabcina, kuma iyalinsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Ni kuma ba na samun sukuni sai bayan isha'i. Shi ne na sayi baƙar robar nan mai haƙora kamar mataji, wadda ake dannawa a kan ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. Ƙara kam ta ragu sosai, alhamdulillahi. Sai dai muryar da ke fita ba wadda na sani ba ce, kamar mai magana hanci a toshe. Ran Asabar da na je wurin malamina na cire ta, sai na ji gugata tana ƙarta kamar ana jan kujera a kan siminti. Malam ya ce in jefar da ita kawai. To don Allah, wannan abin ƙara kaɗai yake ragewa ko akwai abin da yake yi wa sautin kansa? Kuma da gaske yana ɓata hannu?

Auta_KD:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka damu kanka. Kamar ka rage murfin rediyo ne, waƙar tana nan yadda take. Kunnenka ne bai saba ba.

YarJos:
@Auta_KD a'a, ba haka ba ne. Shekara tara ina kaɗa bayolin a coci. Ka ɗauki sautin a waya da shi da kuma babu shi, ka daidaita ƙarfinsu ya zama ɗaya, yaro ma zai gane bambancin. Rediyo in ka rage, komai yake raguwa tare. Wannan kuwa zaɓe yake yi.

Malamin_Fizis:
Gaskiyar YarJos ce. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Siririya ce ƙwarai, ba ta iya tura iska. In ka ɗaure ta tsakanin ƙusa biyu a bango ka goga, da ƙyar za ka ji wani abu. Jikin bayolin ne yake magana, kuma hanyar da karkarwar tsirkiya ke bi ta isa jikin ita ce wannan ɗan katakon da Sabon_Hannu yake faɗa. Nauyinsa wajen gram 2 ne kacal, amma duk abin da kake ji ta kansa ya wuce.

Abu na biyu, in ka goga tsirkiya ta biyu, wadda ake ce wa A, tana kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya. Amma ba wannan kaɗai ke fita ba. Tare da ita akwai 880, da 1320, da 1760, haka har sama. Ni nakan ce wa ɗalibaina uwar murya da 'ya'yanta. Uwar ita ke gaya maka tsayin sautin. 'Ya'yan su ke gaya maka wa ke magana, shi ya sa kake bambance algaita da sarewa ko da a sauti ɗaya suke.

To katakon nan yana da nasa yanayin rawar. Kansa yana lilo hagu da dama, kuma ya fi jin daɗin lilon a wajajen kaɗawa 2500 zuwa 3000 a sakan. 'Ya'yan da suka faɗo a wannan yanki yana ƙarfafa su. Nan ne kuma kunnen ɗan Adam ya fi kaifi. Shi ya sa bayolin guda ɗaya take ratsa ɗaki cike da makaɗa.

Da ka ɗora masa nauyi sai lilon ya yi sanyi. Ka dubi motar ɗaukar kaya: in ba komai a kanta tana tsalle da sauri a kan gargada, in an yi mata lodi sai ta koma lilo a hankali. A lissafi, in nauyin da ke lilo ya ninka huɗu, saurin kaɗawar yakan koma rabi. Saboda haka 'ya'yan sama ba sa samun wucewa, uwar da na kusa da ita ne suke fita. Abin da kunnenka ya kira toshewar hanci ke nan.

Sabon_Hannu:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Wato ba tsirkiyar yake riƙewa ba kenan? Ni duk tunanina ita yake dannewa.

Malamin_Fizis:
Ko kusa. Duba da kyau, haƙoransa tsakanin tsirkiyoyin suke shiga, katakon suke kamawa. In ka ga yana taɓa tsirkiya to ba ka sa shi daidai ba, kuma za ka ji wani zuuu.

Mai_Goge_Funtuwa:
Ku gafarce ni, ni ban taɓa riƙe na Turawa ba, amma tun ina yaro nake tare da goge. Wannan da kuke ta cewa ɗan katako, ɗan katako, mu jaki muke ce masa. Kuma sunan ya dace da shi, don shi ke ɗauke da kaya. Namu ɗan reshe ne mai ƙafafu, a kan fatar da aka rufe ƙwarya da ita yake tsayawa. Maigidana da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, yakan tara su da yawa a aljihu. In murya ba ta yi masa ba, kafin ya taɓa tsirkiya sai ya canza jaki. Mai kauri ya ba shi murya mai nauyi, siriri ya ba shi mai kaifi. Ashe abin da Malam ya zayyana da lissafi shi tsoho yake yi da kunne.

Malamin_Fizis:
Baba, wallahi shi ne. Daga yau ni ma jaki zan riƙa cewa.

BaDamagare:
Mu nan Nijar da muka yi lakwal da Faransanci surdin muke ce wa abin da ake ɗorawa, biyolon kuma ita bayolin ɗin. Ku me kuke ce masa?

YarJos:
A wajenmu miyut kowa yake cewa. A takardar kiɗa kuma da Italiyanci ake rubutawa, con sordino in za a sa, senza sordino in za a cire.

Auta_KD:
Ni na fi son takunkumi. Kowa zai gane.

Ummu_Biyu:
Takunkumi ai hana baki ake yi da shi gaba ɗaya. Wannan kuwa ta bakin Malam bai hana magana ba, sauya ta ya yi. Ni da mayafi aka ce da ya fi kusa.

Izga_Legas:
Na makara amma bari in sa baki, don ina ganin ana haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ina kaɗawa cikin ƙungiyar makaɗa a nan Legas, kuma iri biyu ne a akwatina.

Na farko ƙaramin roba ne zagayayye, bai fi girman maɓallin riga ba, ana ce masa Tourte. Kullum yana rataye a tsirkiyoyi biyu na tsakiya, a bayan jaki. In an zo wurin da aka rubuta a sa, sai ka turo shi da yatsa ka ɗora, cikin sakan biyu an gama. Wannan ba don maƙwabta aka yi shi ba. Ƙarar da yake ragewa ba ta taka kara ta karya ba, launi yake canzawa. Na biyu shi ne irin na Sabon_Hannu, babba mai kama jakin gaba ɗaya, na roba ko na ƙarfe. Wasu na ƙarfen sukan kai gram 40 ko fiye, ka kwatanta da gram 2 na jaki. Shi aikinsa kashe ƙara ne.

Abin da nake so ku lura da shi, masu tsara kiɗa sun daɗe da sanin cewa kaɗawa a hankali daban, sa surdin daban. Lully a Faransa ya sa a yi amfani da shi a wurin barci cikin wasan waƙarsa mai suna Armide a 1686. Vivaldi ma a kashi na biyu na kiɗan lokacin Kaka, cikin kiɗansa na lokutan shekara huɗu da aka buga a 1725, wurin da mashaya suka ɓingire da barci, da shi ake kaɗawa. Da raguwar ƙara kawai suke nema sai su rubuta a sassauta. Akwai ma wuraren da za ka ga an ce a sa shi kuma a kaɗa da ƙarfi. Ranar da na fara zama a tsakiyar mutum goma sha biyu duk mun ɗora, muka ja izga tare, tsikar jikina sai da ta tashi. Sautin kamar yana zuwa daga bayan labule, ga shi kusa ga shi nesa.

Ummu_Biyu:
Kun ji ko? Labule. Ai na ce mayafi.

BaDamagare:
@Izga_Legas yaya, na ga bidiyon wasu manyan makaɗa a kashi na biyu na kiɗan bayolin na Tchaikovsky, mai tsara kiɗan nan na Rasha, wani ya sa wani bai sa ba. Wane ne daidai?

Izga_Legas:
Shi dai mai shi, da ya rubuta a 1878, ya ce a sa. Waɗanda ba sa sawa tsoronsu kar a rasa jin su a babban ɗaki, mutum ɗaya a gaban makaɗa masu yawa. Ni ina tare da masu sawa. In ka cire ka samu ƙarfi, amma kewar da ke cikin wurin ta tafi.

Kafinta_Samaru:
Ni gyara nake yi, gita ta fi yawa amma ana kawo mini bayolin jefi-jefi. Ina da ƙari a kan bayanin Malamin_Fizis, ba musu ba. Malam ya yi maganar nauyi kaɗai, amma abin da aka yi shi da shi ma yana da tasiri. Na taɓa sassaƙa ɗaya da katako mai tauri na gwada shi da na roba mai kusan nauyinsa. Na katakon ya bar ɗan haske a muryar, na robar ya fi shanye ta. Roba tana lanƙwasa ta sha karkarwar, katako da ƙarfe ba sa sha haka. Har yadda ka danna shi yana canza abu: sama-sama daban, har ƙasa daban.

Sannan ku kula da jaki. Ba manna shi aka yi da gam ba, matsin tsirkiyoyi ne kawai ke tsayar da shi. Duk sanda kuka danna babban takunkumi ko kuka cire, ku leƙa ta gefe ku ga ko ya karkata gaba. An kawo mini wanda ya lanƙwashe kamar baka saboda wata da watanni ba a duba ba. Balle yanzu da hunturu ke ƙaratowa, katako yana bushewa, komai yana motsi.

Malamin_Fizis:
Na karɓi gyara, Malam Kafinta. Nauyi shi ne babba, amma shanyewar roba gaskiya ce, na tsallake ta don kar in cika ku da surutu.

YarJos:
Tunda an zo maganar na ƙarfe, ni na daina amfani da shi. Nawa a kan jaki kawai yake zama, ba ya kamawa sosai. Wata rana na sunkuya zan juya takarda, ya zame ya faɗa a kan fuskar bayolin ɗin, ya yi mata tabo kusa da ramin sauti. Har yau in na buɗe akwati idona a nan yake fara sauka. Bayolin ɗin ta mahaifina ce. Wanda zai sayi na ƙarfe ya nemi mai rufin roba.

Auta_KD:
Ayya, sannu 'yar'uwa. To ni dai har yanzu ban ga laifinsa ba ga mai koyo. Ni maƙalin shanya ma nake sawa, biyu, ɗaya kowane gefe, kuma yana aiki. Da a ce babu shi da tuni an kore ni daga gida.

Izga_Legas:
Maƙalin shanya yana aiki ƙwarai, dalilin ɗaya ne, nauyi. Amma mu koma kan tambayar Sabon_Hannu ta biyu, don ita ce mai muhimmanci. Malaminka yana da hujja. Ƙartar da ka ji ran Asabar ba ranar ta fara ba, tana nan duk mako, robar ce take ɓoye maka ita. Yawancin kurakuran izga a can sama suke fitowa, a yankin da Malam ya ce ana toshewa. Ka danna fiye da kima ba za ka ji ba. Izga ta karkace ba za ka ji ba. Ga shi kuma da yake sautin ya yi ƙasa, hannu da kansa yake ƙara dannawa yana neman abin da ya saba ji. Kwana shida kana koya wa hannunka dannawa, ran na bakwai ka cire.

Akwai na biyu. In ka taɓa sautin G daidai a kan tsirkiya ta uku, wato D, tsirkiya ta huɗu, wato G, da ba ka taɓa ba za ta amsa da kanta, duk jikin ya ɗauka. Da wannan amsawar mai koyo yake gane yatsansa ya sauka daidai, tunda bayolin ba ta da alamomi a wuya irin na gita. Babban takunkumi yana rage jin ta sosai.

Ummu_Biyu:
Wannan ya taɓa ni. 'Yata shekararta 11, kullum da shi take yi saboda kakarta ba ta son hayaniya. Malamarta tana ta cewa yatsunta ba sa sauka daidai, ni kuma ina ganin ƙoƙarinta. Ashe wataƙila mu ne muka toshe mata kunne.

Dattijo_Omdurman:
'Yata, kar ki ɗora wa kanki laifi. Ni a nan Sudan aka haife ni, kamanja muke ce mata, kuma ta daɗe da zama 'yar gida a kiɗan ƙasar nan. Na fara koyo a gidan da muke mu goma sha, ba ni da wurin da zan buɗe sauti. Abin da na yi shi ne raba aiki. Da dare in sa abin in yi aikin hannun hagu, haddar wuraren yatsu da sauri. Da la'asar in tafi bakin kogi in yi rabin awa babu komai, izga kawai, doguwar ja a kan tsirkiya ɗaya ɗaya. Rabin awar nan ta fi mini awa uku na dare amfani. Ki nema mata ko minti ashirin ne a rana da za ta ji muryar kayanta ta gaskiya, ki roƙi Hajiya ta yi haƙuri da wannan.

Ummu_Biyu:
Na gode Baba, in sha Allahu za mu gwada bayan la'asar.

BaDamagare:
Tambaya: yana canza tsayin sautin? Ni ina jin kamar in na sa surdin sai na sake ɗaure tsirkiya.

Malamin_Fizis:
Tsayin sauti daga tsawon tsirkiya, nauyinta da ɗaurinta yake, kuma surdin bai taɓa ko ɗaya ba. In ka ga ya sauya sosai, mai yiwuwa wajen dannawa ka ɗan ture jakin. Kunne ma yana ruɗuwa in 'ya'yan sama suka ɓace. Ka gwada da manhajar saita sauti a waya ka gani.

Ga wani gwajin kuma mai daɗi ga kowa. Ka fizgi tsirkiya da yatsa babu takunkumi ka saurari tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta mutu. Sai ka ɗora na ƙarfe ka sake. Za ka ji ta yi ƙasa amma ta fi daɗewa, don ƙarfinta ba ya samun hanyar fita zuwa jiki, sai ya tsaya a cikinta.

Kafinta_Samaru:
Shi ya sa ma gita mai lantarki ta katako cur take daɗewa tana amo.

Mai_Goge_Funtuwa:
Ni abin da ke ba ni mamaki, mu duk wahalarmu yadda za a ji mu ne. Da damina fata ta saki, sai ka kai ta kusa da wuta ta ɗame kafin murya ta dawo. Ku kuma kuɗi kuke sawa ku sayi abin rage murya. Amma da wannan yaron na Legas ya yi maganar labule na gane. Akwai waƙar da in ka buɗe mata murya duka ka ɓata ta.

Izga_Legas:
Haka ne Baba.

Auta_KD:
To na yarda murya tana canzawa, na janye maganar rediyo. Amma cewa a jefar da shi, ban yarda ba. Wanda bai zauna gidan haya ba ne zai faɗi haka. Da rashin taɓawa gaba ɗaya gara a yi da shi.

YarJos:
A nan ina tare da kai. Kuma akwai wani amfanin da ba a ambata ba. Bayolin a ƙarƙashin kunnen hagu take, tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba. In na yi awa biyu a ƙaramin ɗaki babu komai, kunnen nan yakan yi mini ƙara bayan na gama. Ranar da zan daɗe nakan ɗora ƙaramin don in huta.

Izga_Legas:
Don kunne, ni abin toshe kunne nake sawa a na hagu, in bar kayan su yi muryarsu. Ta haka izga tana jin abin da za ta ji a gaban jama'a. Don ba kunne kaɗai abin yake ruɗa ba, har hannu: da babban takunkumi tsirkiya tana saurin kamawa, sai ka ɗauka ka iya.

Sabon_Hannu:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi gwajin Malam. Na sauke manhajar da ke nuna sauti kamar tsaunuka, na ja A babu komai, tsaunuka suka jeru har ƙarshen allo. Na ɗora robar, na dama duk suka kwanta, saura 'yan na farko. Na kuma leƙa jakina kamar yadda Malam Kafinta ya ce, ya ɗan karkata gaba, zan kai wa malamina ya miƙe shi don ina tsoron taɓawa. Na yi magana da maƙwabcina, ya ce tsakanin magariba da isha'i jaririn yakan kasance a farke, in yi abina. Zan bi tsarin Baba na Omdurman. Abin da ban sani ba shi ne ko in gaya wa malamina ban jefar ba.

Dattijo_Omdurman:
Ka gaya masa, ɗana. Ka kai masa ya gani, ka faɗa masa yadda ka raba lokacin.

Kafinta_Samaru:
In za ka je, tafi da robar a aljihu ba a kan jaki ba. Kar ka rufe akwati da ita a sama, murfin zai iya danna ta.

BaDamagare:
@Izga_Legas ƙaramin nan da ka ce yana rataye kullum a bayan jaki, ba ya rage komai in ba a ɗora shi ba? Nawa yana wani kaɗawa in na ja G da ƙarfi.

Izga_Legas:
Nawa ma yana yi in ya matso kusa da jaki. Tura shi can baya ya jingina. Wasu abokan aikina cire shi suke yi ɗungurungum in ba a buƙatarsa a ranar, sun ce suna jin bambanci. Ni ban taɓa ji ba, amma bari in gwada gobe a wajen atisaye in dawo muku da labari.